Shin Ko Kun San Ana Auna Wuyar Littafin Tarihi?

Shin ko kun san akwai ma'aunin da ake gwada wuyar littafin makaranta da shi? Tun a 1923 Bertha Lively da Sidney Pressey suka fara wannan aiki a Amurka, bayan malaman kimiyya sun yi ta kukan cewa lokacin darasi na ƙarewa wajen yi wa yara bayanin kalmomi masu tsauri.

Ko kun san ma'aunin da ya fi shahara, wanda Rudolf Flesch ya fito da shi a 1948, abu biyu kacal yake dubawa? Tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma, shi ke nan. Maki daga 0 ne zuwa 100, kuma mai yawan maki shi ne mai sauƙi. A 1975 aka yi masa kwaskwarima don littattafan horar da sojojin ruwan Amurka, yau ga shi cikin Microsoft Word.

Ko kun san Afirka ma na da hannu? A Yuganda Edward Fry ya fara tsara jadawalinsa na auna wuyar littafi, lokacin da yake aiki da malaman Turanci. Malami zai ɗebi wuri uku a littafi, kowanne kalma 100, ya ƙirga jimloli da gaɓoɓi, jadawali ya nuna masa ajin da ya dace.

To amma a darasin tarihi, nan fa gizo ke saƙa. Dubi wannan jimla: "Ingila ta ɗora wa mazauna Amurka haraji saboda yaƙinta da Faransa ya cinye mata kuɗi." Mai neman maki sai ya daddatse ta: "An yi yaƙi. An ɗora haraji." Ma'auni ya ce madalla, yaro kuwa ya rasa abin da ya haɗa yaƙin da harajin. Alhali tarihi sanin dalili ne, me ya jawo me. Shin ko kun san an gwada wannan? A 1991 Isabel Beck da abokan aikinta na Jami'ar Pittsburgh suka sake rubuta darussan 'yan aji biyar kan abubuwan da suka kai ga juyin juya halin Amurka, suka cike giɓin dalilai. Rubutun ya ƙara tsawo, amma yaran da suka karanta shi sun fi tunawa, sun kuma fi amsa tambayoyi. A ganina, kowane mawallafi ya kamata ya san wannan sakamako.

Mu ma abin ya shafe mu. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Galibin ma'aunan nan kuwa an gina su ne a kan yaran da suka tashi da Turanci a baki, ba yaron Gusau ko Azare da a aji ya fara jin sa ba.

Ko kun san akwai gwajin da ba ya bukatar kwamfuta? Wilson Taylor ya gabatar da shi a 1953. Kwafi sakin layi a allo, goge kowace kalma ta biyar, ka sa yara su cike. In yawancinsu suka kasa, littafin ya fi ƙarfinsu. Malaman tarihi, don Allah ku gwada shi kafin ku sa iyaye su sayi littafi.