Sulke: Sirrinsa Yana Bakin Zobe

Yaron da ya tashi a Mai Wurno ko wani ƙauyen Hausawa na Jazira a Sudan ya fi sanin gonar auduga da magudanar ruwa a kan sirdi da linzami. Idan ya ji kalmar sulke, a bakin tsofaffi ne, ko a bidiyon hawan sallar Kano da ɗan uwa ya turo masa a waya. Amma ƙasar da yake takawa ta 'yan sulke ce tun kafin kakanninsa su iso.

A 1772 wani matafiyi ɗan Sikotilan, James Bruce, ya ziyarci barikin dawakin Shehu Adlan, wazirin daular Funj, kusa da Sinnar. Ya ba da labarin dawaki wajen 400, kowanne da sulken mahayinsa a rataye daura da shi, da kwalkwalin tagulla a sama. Abin da ya fi burge ni a labarin ƙarami ne: kowane sulke da lallausar fatar barewa da ake lulluɓe shi da ita saboda raɓar dare. Waɗannan mutane sun san cewa tsatsa ta fi takobi cin sulke.

Su ma waɗanda suka taso daga yamma ba baƙin abin ba ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo ragowar jama'a gabas har bakin kogin Shuɗin Nilu a Jazira. Sun iso shekaru kaɗan bayan yaƙin Karari na 1898, inda bindiga mai ruwan harsashi ta rufe zamanin barade. Sun baro ƙasar sulke, sun sauka a wata, ga shi duka biyun an riga an rataye shi.

To, yaya ake ƙera shi? Maƙeri yakan ja ƙarfe ta ƙananan ramuka har ya zama waya, ya nannaɗe ta a jikin sanda, sannan ya yanka ta zobe-zobe. Kowane zobe yana sarƙe da huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Haka za a yi ta yi har zobba dubbai, wani lokaci fiye da dubu 20, su zama riga mai nauyin kilo 10 ko fiye. Ka ɗauke ta a hannu, sai ta zube kamar ruwa. Ka sa ta, duk nauyin ya taru a kafaɗa, shi ya sa ake ɗaure ƙugu da ɗamara.

Wurin da gwani yake rabuwa da ɗan koyo shi ne bakin zoben. Hanya mai sauƙi, a matse bakunan biyu da awartaki su haɗu kawai. Irin wannan yana tare saran takobi, amma tsinin mashi kan buɗe shi. Hanya mai wuya, a ɗora baki kan baki, a daddale, a huda, a zura ƙusa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, a doke ta. Zobe ɗaya ke nan, saura dubbai! Maƙeran Turai na da can sun sami dabarar rage wahala: layi ɗaya zobba masu ƙusa, layi na gaba zobba marasa baki da aka huje daga fallen ƙarfe. Haka sulken ƙarni na 10 da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Norwe a 1943 yake. Mai karatun Alƙur'ani ba zai yi mamaki ba, don a Suratu Saba'i an umurci Annabi Dawuda, wanda aka tausasa wa ƙarfe, da ya auna saƙar sulkensa daidai.

Sulke shi kaɗai ba ya hana ƙashi karyewa, saboda haka ake sa riga mai cushen auduga a ƙarƙashinsa. Ga kuma zafi. Ka tuna ranar Jazira a watan Mayu, ka ɗora mata ƙarfe.

Mafi yawan sulkuna masu ƙusa da ke fadojin ƙasar Hausa shigo da su aka yi ta Sahara, kamar yadda binciken A. D. H. Bivar na 1964 ya nuna, shi ya sa suka zama kayan sarki da yake bai wa wanda ya yarda da shi. A Omdurman kuwa maƙeran gida sun ci gaba da saƙa nasu mai matsattsen baki har cikin ƙarni na 20. Idan Allah ya kai ka Kano ranar Hawan Daushe, matsa kusa da ɗan sulke gwargwadon yadda dogarai suka bari, ka dubi zobban ƙirjinsa. In ka ga ɗan ƙullutu a jikin zobe, kan ƙusa ne, kuma mai yiwuwa rigar ta girmi kakan mai sanye da ita.