Haki Bayan Haihuwa: Kada Ki Ɗauke Shi Gajiyar Jego

'Yar'uwa mai juna biyu, da ke mai jego, wannan bayani naku ne. Idan kin ga hawa 'yar tudu ko ɗaukar bokitin ruwa yana sa ki haki, to kada ki yi shiru. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata 5 bayan haihuwa. Naman zuciya ne ke yin laushi ya kasa tura jini, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1978 likitoci Davidson da Parry sun wallafa bincike kan mata 224 da suka kamu da shi a Zariya. A Sakkwato kuma, wani bincike na 2007 ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. Masu binciken Zariya sun zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Binciken baya-bayan nan ya fi danganta shi da hawan jini lokacin ciki, da rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciya mai rauni kuwa ba ta jure wannan.

Alamomin da za ki lura da su

1. Haki, ko da kina zaune.
2. Kasa kwanciya sai kin tada kai da filo biyu ko uku.
3. Farkawa cikin dare numfashi yana sarƙewa.
4. Tari, musamman idan kin kwanta, wani lokaci da kumfa.
5. Kumburin ƙafa ko ciki, da bugun zuciya da sauri.

Yadda ake gano shi

Likita zai auna jininki, ya saurari ƙirjinki, ya duba jijiyar wuya. Ana iya yin hoton ƙirji da gwajin bugun zuciya. Hoton zuciya da ake kira eko shi ne mai tabbatarwa, kuma ba ya cutar da ciki. Idan tari ya kai mako 2, za a gwada majina saboda tarin fuka, domin alamominsu kan yi kama.

Magani

Ana ba da maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, da waɗanda ke rage wa zuciya nauyi. Wasu daga ciki ba su dace da mai ciki ba, don haka kada ki saya a kemis, kuma ki gaya wa likita idan kina shayarwa. Ki rage gishiri, ki bar kanwa. Mata da yawa zuciyarsu takan farfaɗo, amma kada ki daina magani don kumburi ya saɓe. Kafin wani cikin, a sake hoton zuciya, domin ciwon yakan dawo.

Maigida da uwar miji, nauyin yana wuyanku. Idan kuna Mazanya ko ƙauyukan bakin iyaka, ku kai ta Babban Asibitin Jibiya tun da rana, kada a jira kwanaki 40 su cika. Daga can ana iya tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ku zo da katin awonta, ko da a Maraɗi ta yi awon. Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya.