Sarƙar keke ta tsinke a daji: mi za a riƙe a jaka?

Yau ba zancen taki ko maganin ƙwari za mu yi ba. Zancen keke ne, don shi ke kai mu kasuwa, shi ke kai mu likita, shi ke ɗauko mana iri.

Wata shekara, cikin watan Yuni, ruwan shibka ya sauka da dare. Da asuba na ɗaure buhun irin hatsi HKP bisa kariya, na kama hanyar wani gari arewa da Tasawa, inda ƙungiyar manoma ke jirana. Ban kai rabin hanya ba, ina hawan wani tudun rairayi, sai na ji ƙas! Ƙafata ta tahi banza. Sarƙa ta tsinke, ga ta kwance cikin ƙasa. Na lalubi aljihu, ba komi sai alƙalami da takarda. Na tura keke da buhu cikin rana har azahar, kana wani mai amalanke ya taimake ni. Da na isa, mutane sun gaji da jira, sun shibka tsohon irinsu tun da hantsi. Wani dattijo ya dube ni ya ce: "Mushe, sannu da wahala. Amma laima ba ta jiran keke." Ban ce komi ba, don laihina ne. Abin da ya hana ni isa, ɗan ƙarhe ne wanda bai kai girman ƙwarar gujiya ba.

Sarƙa ba ta tsinkewa haka kawai. Ku dube ta da kyau: gaɓoɓi ne, wata ta ciki mai zobe biyu, wata ta waje mai falle biyu, ƴan ƙusoshi sun haɗa su. Tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12,7 ne, ko keken Phoenix ne na Sin, ko Hero na Indiya, ko tsohon Raleigh. A ƙasarmu ta jigawa, rairayi na shiga tsakanin ƙusa da zobe. In ya gamu da mai, sai shi zama kamar dutsin wasa wuƙa. Kullum shina cin ƙarhe kaɗan kaɗan, sarƙa na ƙara tsawo, har ranar da anka ɗora mata buhu a kan tudu.

Akwai awon da kowa ke iya yi gida. Ku ari abin awo na ɗan lakkwal. Ku ja sarƙa ta miƙe, ku sa shaida ga ƙusa guda, ku ƙidaya ƙusa 20 gaba. Ga sabuwar sarƙa za ku samu santimita 25,4. In kun ga ta kai 25,6 ko ta wuce, ta gaji, a canza ta. Wanda ba shi da abin awo, shi kama sarƙar a gaban babban faranti mai haƙora, shi ja. In ta ɗaga har ana ganin haske ƙarƙashinta, ita ma ta gaji. Kada a yi rowa nan. Tsohuwar sarƙa na cinye haƙoran ƙaramin faranti na baya, daga baya ko an sa sabuwa sai ta riƙa tsallake, a koma a sayi duka biyu.

To, mi za a riƙe? Na farko shi ne mahaɗin sarƙa, wanda masu gyaran keke ke saidawa. Abu uku ne: falle mai ƙusa biyu, falle na ruhewa, da ɗan makulli mai baki buɗe. Ku sayi biyu, za ku ga dalili. Amma ku tahi da kekenku wurin saye, don faɗin sarƙa ba ɗaya ba ne. Ta keke mai gudu guda ta hi faɗi. Ta keke mai canjin gudu siririya ce, mahaɗinta daban. Sai guntun sarƙa mai gaɓa huɗu ko biyar, irin taku. In mai gyara ya sa muku sabuwa ya yanke saura, ku karɓi abinku, kuɗɗinku ne.

Sai kile mai lamba 15 na kwance notin ƙafar baya. Ku gwada shi tun gida, don notin wasu tsoffin kekuna na Ingila ba ya shan wannan lamba, sai kile mai buɗawa da ruhewa. Sai ƴar filaya, da ƴar guduma, da ƙusa guda wadda anka goge tsininta ya yi lebur, da noti guda wanda raminshi ya hi ƙusar sarƙa faɗi. Wani zai ce ina amfanin guduma, ai da dutsi. Wanda ya faɗi haka bai bi hanyar Mayahi ko ta Dakoro ba. Sai ka yi tahiyar awa ba ka ga dutsin jifar kare ba. A birni ana samun wani ɗan ƙarhe mai murɗawa wanda ke tura ƙusar sarƙa ba tare da bugu ba. Wanda ya samu, ya huta da guduma.

A ƙara tsumma da ɗan kwalbar man inji. Dukansu a naɗe cikin guntun tsohuwar robar taya, a ɗaure ƙarƙashin sirdi tare da kayan faci. Kada a kwance su don wani aikin gida. Ranar da anka ari filaya ba a maido ba, ranar sarƙa ke tsinkewa.

Yanzu ga ta ta tsinke. Ka nemi inuwa, ka shimhiɗa rawani ko buhu tukuna. Makullin nan ƙarami ne, shina da tsalle, in ya faɗa rairayi sai dai haƙuri. Ka duba inda ta karye. In gaɓar waje ce, abin da sauƙi. Ka ajiye noti bisa wani abu mai tauri, ko ruwan hauya, ka ɗora sarƙa yadda ƙusarta za ta dubi ramin notin, ka sa ƙusarka bisa, ka buga sannu har ta hita. Ka cire fallen da sunka lalace, a bar gaɓar ciki kowane gehe. Ka maida sarƙa bisa haƙora, ka sa mahaɗi, ka ruhe, ka tura makulli da filaya har shi zauna cikin tsagar ƙusoshin biyu. Tsawon sarƙa bai canza ba.

In gaɓar ciki ce ta fashe, nan ne mahaɗi na biyu ke amfani. Ka cire ta tare da na waje biyu da ke riƙe da ita, ka ciro gaɓar ciki guda daga guntun sarƙarka, ka haɗa ta da mahaɗi nan da can.

Ku lura da wannan, don nan mutane da yawa ke kuskure: ruhaffen kan makulli shi ke duban inda sarƙa ta nufa. Wato in shina bisa layin sama, ruhaffen kai na duban gaban keke, buɗaɗɗen baki na duban baya. In an juya shi, wani abu na iya kama bakin shi hizge shi, sarƙa ta sake rabuwa.

Wanda ba shi da mahaɗi na iya rage sarƙa, shi cire gaɓar ciki da ta waje, shi sake buga tsohuwar ƙusa. In haka za a yi, kada a hidda ƙusar gaba ɗaya, a bar ta maƙale ga falle guda, don maida ta wuya ne. Kuma sai ƙafar baya ta matso gaba kamar santimita ɗaya da ɗan kai, ba kowane keke ke da wannan hili ba. Gyaran isa gida ne kawai. Ɗaurin waya kuwa, na ga an gwada, ban ga wanda ya kai nesa da shi ba.

In an gama, a daidaita ƙafar baya ta zauna tsakiya, a ɗaure noti. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa guda. In ta yi tauri ƙwarai tana cin kanta, in ta yi sako-sako tana zamewa.

Batun mai kuma: a wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga man inji ga kowane zobe, kana a goge na waje da tsumma sarai. Man da ke aiki shi ne na ciki, na waje ƙura kawai shi ke tarawa. Kada a sa man gujiya, daskarewa shi ke yi shi zama danƙo. Da damina, in an ratsa ruwan gulbi, a goge ta a sa mai ran nan, tun tsatsa ba ta kama ba. Lokacin hunturu kuwa, da ƙura ta yi yawa, a riƙa goge ta kowane mako, ranar jajiberin kasuwa.