Kafin ka saka kifi a sabon tankin ruwan gishiri: makonnin jiran da bidiyo ba ya nunawa

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Za a ajiye tankin gilashi, a zuba farin yashi, a jera duwatsu, a cika shi da ruwa. Sai ga kifin nan mai ruwan lemo da fararen layuka, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san shi, yana iyo a tsakanin murjani. Duka a cikin daƙiƙa talatin. Abin da aka yanke shi ne makonnin da tankin ya yi babu kifi ko ɗaya a ciki.

Ni ma bidiyon ya ruɗe ni. Na haɗa tanki mai lita 80 ranar Asabar, na saka kifi biyu ranar Litinin, kafin Juma'a duka sun mutu. Ruwan garau yake, injin tacewa yana aiki, komai sabo ne. Daga baya na gane cewa abin da tankin ya rasa ba na'ura ba ce. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma sai an ba su lokaci kafin su yawaita. Wannan jiran shi Turawa ke kira saikilin, ni kuwa zan kira shi rainon tanki.

Me ke kashe kifi a sabon tanki?

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawansa ta sassan numfashinsa da ke gefen kai. Ragowar abinci da kashin kifi ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. A teku ruwa yana da yawa, nan take take tsinkewa. A tanki kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙone wa kifin sassan numfashi, ya riƙa haki a saman ruwa har ya mutu. Masu kiwon tarwada sun san wannan matsala, shi ya sa suke yawan canja ruwan kududdufinsu.

A ruwan gishiri abin ya fi tsanani. Amoniya a cikin ruwa kashi biyu ce, akwai mai dafi sosai, akwai mai sauƙi, kuma ma'aunin pH ne ke raba su. Ruwan teku yana wajen pH 8.1, kuma duk lokacin da pH ya ƙaru da ɗaya, kason mai dafin yana ninkawa kusan sau goma. Adadin da kifin ruwan daɗi zai iya jurewa a pH 7 zai iya halaka kifin teku.

Su wa ke tace ruwan?

Aikin na bakteriya ne, kuma rukuni biyu ne. Na farko suna cin amoniya su mayar da ita naitirait. Na biyu suna cin naitirait su mayar da shi naitiret. Sunayen biyu sun yi kama, ka kula da su: naitirait shi ne na tsakiya, naitiret shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canja wani ɓangare na ruwa.

Masanin kimiyya ɗan Rasha Sergei Winogradsky ne ya fara ware irin waɗannan bakteriya wajen shekarar 1890. A 2005 kuma masu bincike suka sanar da gano wata halitta mai cin amoniya, Nitrosopumilus maritimus, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga wani dangi ne daban mai suna akiya. A ina suka same ta? A cikin tankin ruwan gishiri na gidan kallon kifaye da ke birnin Siyatil a Amurka.

Abubuwa biyu game da waɗannan halittu su ne tushen komai. Na farko, ba a cikin ruwa suke zama ba, manne suke a jikin duwatsu da yashi da soson tacewa. Na biyu, suna da jinkirin hayayyafa. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti ashirin, waɗannan kuwa sukan ɗauki kusan yini guda ko fiye. Mu yi lissafi irin na masu kwamfuta: abin da ke ninkawa sau ɗaya a rana sai ya kwana ashirin kafin ɗaya ya zama 1,048,576. A kwanakin farko za ka ga kamar babu abin da ke faruwa, sai can wajen ƙarshe lambobin su canja cikin kwana biyu ko uku.

Abin da za ka tanada

Ruwa: ana amfani da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, wanda 'yar na'urar TDS za ta nuna sifili a kansa. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kilorin mai kashe bakteriya, na rijiya da na burtsatse kuma suna iya zuwa da naitiret ko ƙarafa. Jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande.

Gishiri: ba na miya ba. Haɗi ne na musamman mai kalsiyom da magniziyom da sauran sinadaran ruwan teku, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin. Abin da ake nema shi ne gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, wanda ma'aunin nauyin ruwa ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. A bokiti ake haɗawa, ruwa ne farko sannan gishiri.

Na'urar auna gishiri: sunanta rifiraktomita. Kana ɗiga ruwa a kan gilashinta, ka leƙa ta wajen haske ka karanta lamba. Ka daidaita ta da ruwan gwajin da ake sayarwa tare da ita kafin ka yarda da abin da ta nuna.

Duwatsu da yashi: su ne gidan bakteriya. Akwai busasshen dutse, wanda ya fi arha amma babu komai a jikinsa. Akwai rayayyen dutse, wanda aka ciro daga teku ko daga tsohon tanki da bakteriyarsa, yana rage lokacin jira amma yana iya zuwa da ƙwari da ba ka gayyata ba.

Sai injin juya ruwa, ma'aunin zafi, da kayan gwajin amoniya, naitirait da naitiret. Ka kuma tuna tanki mai lita 100 ya haura kilo 100 tun kafin a sa dutse, ba kowane teburi zai ɗauka ba.

Yadda ake rainon, mataki-mataki

A aikina na rubuta manhaja, ba ma sakar wa jama'a sabuwar manhaja sai mun gwada ta da bayanan bogi, domin idan ta faɗi babu wanda ya yi asara. Haka ake yi wa tanki: za ka ba shi amoniya ta kwalba, kamar akwai kifi alhali babu. A da mutane kan jefa kifi mai juriya ya zama zakaran gwajin dafi. Babu buƙatar azabtar da dabba a kan abin da kwalba za ta yi.

Mataki na 1: Ka jera duwatsu, ka zuba yashi da ruwan gishiri, ka kunna injin. Ka bar shi kwana ɗaya ko biyu har gishiri ya tsaya a 1.025, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 26.

Mataki na 2: Ka ɗiga amoniyom kilorayid na tankin kifi har gwaji ya nuna 2 ppm. Ma'anar ppm ɗaya ita ce miligiram ɗaya a cikin lita ɗaya. Kada ka wuce 5, yawanta na rage saurin aikin. Idan ba ka samu ba, ɗan guntun ɗanyen jatan lande a cikin raga zai ruɓe ya ba da amoniya, sai dai ba ka da iko da adadin, ga kuma wari.

Mataki na 3: Idan kana da bakteriyar kwalba, irin su Dr. Tim's One and Only ko Fritz TurboStart 900, ka zuba. Suna iya rage jiran sosai, amma halittu ne masu rai, kwalbar da ta sha zafi a hanya tana iya isowa a mace. Gwaji ne zai tabbatar, ba rubutun jikin kwalba ba.

Mataki na 4: Ka bar fitilar tankin a kashe. Bakteriyar ba sa buƙatar haske, gansakuka ce za ta amfana.

Mataki na 5: Ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu kana rubutawa. Da farko amoniya za ta tsaya cak, sannan ta fara sauka naitirait yana hawa. Daga baya naitirait ya sauka, naitiret ya hau. Kada ka damu da gwajin naitiret muddin akwai naitirait a ruwan, domin yana sa kayan gwaji su nuna lambar da ta wuce gaskiya.

Mataki na 6: Idan amoniya da naitirait sun koma sifili, ka sake ɗiga amoniya zuwa 2 ppm. Idan cikin awa 24 duka biyun sun koma sifili, tankin ya nuna. In ba haka ba, ka ƙara jira. A ruwan gishiri naitirait ba shi da dafi kamar a ruwan daɗi, amma saukarsa ce shaidar rukuni na biyu ya kafu.

Mataki na 7: Ka canja kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwan domin rage naitiret. Kowane ppm ɗaya na amoniya yana zama kusan 3.6 na naitiret, saboda haka ya taru.

Kuskuren da ke yawan faruwa a wannan lokaci: idan ruwa ya ragu saboda tururi, gishirin bai tafi ba. Da tataccen ruwa mara gishiri ake cikewa. Kuma kada ka wanke soson tacewa da ruwan famfo, ka ɗauraye shi a ruwan da ka ɗebo daga tankin.

Inda wayarka za ta yi amfani

Mafi sauƙi shi ne ka buɗe Google Sheets, ka yi layin kwanan wata, amoniya, naitirait, naitiret, gishiri da zafi, ka sa ya zana maka jadawali. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, amma layin mako uku zai nuna maka inda ka dosa. Wajen karanta launin gwaji kuwa kada ka dogara da kyamara, domin waya tana gyara launi da kanta. Ka riƙe kwalbar a jikin farar takarda cikin hasken rana ka duba da ido.

Akwai na'urori na musamman. Seneye tana zama cikin ruwa tana auna amoniya mai dafi da pH da zafi. Inkbird na da na'urar da ke kunna hita ko fanka gwargwadon zafin ruwa, har da mai haɗuwa da waya. Neptune Apex tana sarrafa kusan komai, amma da tsada. Mai son haɗa nasa zai iya amfani da ESP32 da ma'aunin zafi na DS18B20 mai jure ruwa, ko ya ɗora manhajar reef-pi ta kyauta a kan Raspberry Pi. Duk waɗannan aunawa suke yi, babu wadda za ta sa bakteriya su yi sauri.

Wuta da zafi

Mafi yawan bidiyoyin nan daga ƙasashen sanyi suke, inda wuta ba ta cika yankewa ba. A wajenmu sai an yi tunani daban. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke aiki, idan ruwa ya daina motsi na awoyi da yawa sai su fara mutuwa, aikin makonni ya koma baya. Ƙaramin injin iska mai kebul na USB da fawa banki zai riƙe tankin na wani lokaci. Mafi alheri shi ne ka ɗora injin juya ruwa a kan inbata ko sola tun ranar farko.

Zafi ma haka. A Kano ko Sakkwato, watan Afrilu yakan kai digiri 40, murjani kuwa yana fara wahala idan ruwa ya daɗe a wajen digiri 30. Fanka mai hura saman ruwa tana rage zafi kaɗan, amma tana ƙara tururi. Ka ɗauki makonnin raino a matsayin gwajin ɗakinka: idan ka kasa riƙe zafi ƙasa da 28 a tankin da babu komai, ka gano hakan kafin ka kashe kuɗin murjani.

Bayan tanki ya nuna

Kada ka zuba kifi duka lokaci guda. Ka fara da ɗaya ko biyu, ka ba da abinci kaɗan, ka jira mako biyu zuwa uku kana gwada amoniya kafin ka ƙara. Idan ka kunna fitila za ka ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Ba lalacewa ba ce, wata irin gansakuka ce da ta saba bayyana a sabon tanki, kuma takan ragu da kanta. A lokacin ake saka dodon koɗin teku ya taya ka shara.

Murjani shi ne na ƙarshe. Mun fi saninsa a matsayin dutsen ado na wuya, amma dabba ce mai rai, kuma irin da ake sakawa a tanki yana samun yawancin abincinsa daga ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinsa suna amfani da haske. Ka fara da masu laushi, sun fi juriya. Masu ƙashi, irin su Acropora, suna son kalsiyom wajen 400 zuwa 450 ppm da ruwan da lambobinsa ba sa hawa da sauka, shi ya sa ake barinsu sai tanki ya yi watanni.

Karo na biyu da na gwada, tankina ya yi kwana 34 kafin ya ci gwajin awa 24. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tambaye ni dalilin da nake kiwon duwatsu. Kifi biyun da na saka bayan nan suna nan da ransu. Idan za ka fara, ka sayi kayan gwaji kafin ka sayi kifi, kuma kada ka je wurin mai kifi sai jadawalinka ya nuna sifili biyu.