Takardar gwajin kitse ba ta leƙa cikin jijiya

Da an miƙa wa mutum sakamakon gwajin kitsen jini, idonsa kan faɗa kan jimillar kolesterol. Ni kuwa lambar da nake fara nema ita ce ta LDL, wato ƙwayoyin da ke dakon kolesterol a cikin jini. Idan suka yi yawa sai su riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin da ke shayar da zuciya, su maƙale, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye su, a hankali dunƙule ya taru, hanyar jini ta tsuke.

Zancen ba na yau ba ne. Tun a 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya ciyar da zomaye kolesterol, kitse ya taru a bangon jijiyoyinsu. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, ya nuna alaƙar kolesterol da ciwon zuciya a jikin ɗan Adam.

Sai dai takardar gwajin ba za ta gaya maka iya tsukewar jijiyarka ba. Wannan sai an ɗauki hoto, galibi a zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, a tura ruwan da ke fito da jijiyar ɓaro-ɓaro. Likitoci kan ɗauki tsukewar kashi 70 cikin 100 da tsanani. A babbar jijiyar hagu kuwa kashi 50 ya isa. In aka tara marasa lafiya da yawa, masu yawan LDL sun fi samun toshewa. In aka zo kan mutum ɗaya, lissafin kan sauya, domin gwaji na nuna jinin yau ne, ita kuwa jijiya tana ɗauke da tarihin shekaru talatin, har da taba da hawan jini da ciwon suga. Abin da ya fi tayar mini da hankali, dunƙulen da bai kai rabin hanya ba yana iya fashewa, jini ya daskare a kansa nan take.

HDL, wani nau'in ƙwayoyin dakon kolesterol da ake yi wa kirari da mai kyau ma, kada a saki jiki da shi. A 2006 aka dakatar da gwajin maganin torcetrapib: ya ɗaga HDL ƙwarai, amma mace-mace suka ƙaru.

Akwai kuma Lp(a), wani nau'in mai dakon kolesterol da ke ƙara haɗarin toshewar jijiya, wanda bai damu da ƙiba ko rama ba, gadonsa ake yi, kuma ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka. Ba ya cikin gwajin da aka saba yi, sai ka nema. Wanda mahaifinsa ko wansa ya gamu da bugun zuciya da sauran ƙuruciya, ya tambayi likita a auna masa. Galibi sau ɗaya ya wadatar.