Bayan Sauya Inji: Me Ya Sa Giyar A-Kori-Kura Ke Gardama?

Masu motar a-kori-kura da dama kan sayo injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a ɗora, inji ya tashi lafiya lau, amma giyar otomatik ta maƙale a lamba ɗaya ko ta riƙa fizga. Nan take sai a ce giya ta mutu. Sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Giyar otomatik da umarnin kwamfutar mota take aiki. Idan kwamfutar ko sensar totur ba ta dace da sabon injin ba, ko an manta wayar as, sai giyar ta kulle kanta don gudun lalacewa. A fara jona na'urar gwaji; lambar P0700 na nuna cewa kwamfutar giya ta ga matsala.

Sannan a duba man giya bayan inji ya ɗumama yana aiki, kuma kada a zuba T-IV inda Toyota ta ce WS.

Babban haɗarin shi ne kwanbata: idan ba ta zauna daidai ba aka ɗaure kusoshi, tana fasa famfon mai. Idan mota ta ƙi motsi gaba da baya, a kashe inji nan take, tun kafin gyaran waya ya koma sayen giya.