Wa Ya Sace Kilomita Biyu?

Mai karatu, matso kusa, akwai wata shari'a da nake so mu yanke tare. Wani direba ya yi lodi a tasha, ya kama hanyar wani gari yana gudun kilomita 60 a awa. Da zai komo, ta wannan hanyar dai, sai ya taho a kan kilomita 40 a awa. Tambaya: nawa ne matsakaicin gudunsa, zuwa da dawowa? Na san ka riga ka amsa a ranka. Ka haɗa 60 da 40, ka raba biyu, 50 ta fito tas. To, ka faɗi. Amsar da ake ba maki ita ce 48. Kilomita biyu sun yi ɓatan dabo, kuma babu wanda ya ga fitarsu.

Kada ka raina satar don ta kilomita biyu ce. Irin wannan tambaya ba ta rabuwa da lissafin WAEC da NECO da JAMB. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, inda ɗalibi ke fuskantar tambayoyi 180 cikin awa biyu. Raba ka gani: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Agogo na ci a jikin allo, zaɓi huɗu na kallonka, ga 50 zaune a cikinsu tana murmushi. Yaro ya danna ta, ya wuce da murna, bai san maki ya tafi ba. Dole mu gano ɓarawon. Ina da mutum uku da nake zargi.

Na farko shi ne mai shirya amsa. Ɗan Adam ajizi ne, wataƙila hannunsa ya goce ya rubuta 48 a gurbin 50. Zargi ne mai daɗi, domin yana wanke ɗalibi tsaf. Amma bari mu duba ’yan uwan wannan tambaya. Idan gudun 30 ne da 20, amsar da aka yarda da ita 24 ce, ba 25 ba. Idan 60 ne da 30, amsa 40, ba 45 ba. Idan 60 ne da 20, amsa 30, ba 40 ba. Ka lura? Kullum amsar ƙasa take yi, ba ta taɓa yin sama ba. Kuma gwargwadon ratar da ke tsakanin gudun biyu, gwargwadon girman abin da aka sace. Kuskure ba ya bin tsari haka. Mun sallami mai shirya amsa. Amma ka riƙe wannan sawun, za mu dawo kansa.

Na biyu tsohon mai laifi ne, kowane malamin lissafi ya san fuskarsa: rikicin ma'auni. Shi ne ke sa yaro ya rubuta awa ɗaya da minti 30 a matsayin 1.30, alhali 1.5 ce, tunda minti 60 ne a awa, ba 100 ba. Shi ne ke sa a ba ka gudu da kilomita a awa, a nemi amsa da mita a daƙiƙa, ka manta ka ninka da 5 ka raba da 18, yadda 72 za ta koma 20. Ya cinye makin ɗalibai ba adadi. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai sake karanta tambayarmu. Akwai minti a ciki? Babu. Akwai mita? Babu. Ma'aunin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yau dai ba shi ba ne. Saura mutum ɗaya.

Na uku shi ne nisan hanya. Wannan kam da walakin. Tambayar ta faɗi gudun zuwa, ta faɗi gudun dawowa, amma ta yi gum a kan nisa. Me ya sa ya ɓuya? Ai mai gaskiya ba ya shiga bayan ƙyaure. Bari mu jawo shi gaban shari'a. Mu ce kilomita 120 ne. Zuwa da dawowa, 240. Da gudun 60, direba ya isa cikin awa 2. Da gudun 40, ya komo cikin awa 3. Jimla awa 5. Raba 240 da 5.

48.

Tsaya tukuna. Ko dai sa'a ce? Mu canza masa riga. Mu ce 240 ne. Zuwa awa 4, dawowa awa 6. Raba 480 da 10. Ga 48 kuma. Mu ce 360. Awa 6 da awa 9. Raba 720 da 15. Ita ce dai. Nisa bai saci komai ba. Ko nawa ka ba shi, amsar ba ta motsi, shi ya sa mai tambaya bai damu da ambatonsa ba. Amma wanda muka kamo da zargi ya rikiɗe ya zama shaida. Yana nuna wani da yatsa. Duba lambobin nan da kyau. Awa 2 da awa 3. Awa 4 da awa 6. Ba su zo daidai ba. Ka gan shi?

Lokaci ne ɓarawon.

Tun farko yana cikin ɗakin, mu ne ba mu waiwaye shi ba. Da muka haɗa 60 da 40 muka raba biyu, mun yi wa gudun biyu rabon daidai wa daida, kamar direba ya daɗe a kan kowannensu daidai da ɗan'uwansa. Alhali hanyar ce kawai ta zo ɗaya, zaman cikin mota bai zo ɗaya ba. Shiga kujerar gaba, kusa da direban, ka riƙa leƙa allurar gudu duk bayan awa ɗaya kana rubutawa: 60, 60, 40, 40, 40. Sau biyu ka ga 60, sau uku ka ga 40. Haɗa su, 240. Raba da biyar, 48. Kamar mai sayen gero ne da ya auno mudu biyu masu tsada da mudu uku masu araha: kuɗin kowane mudu a buhunsa dole ya karkata wajen araha. Ga ma'anar sawun nan da na ce ka riƙe. Tafiyar nawa ta fi cin lokaci, don haka kullum ita ke rinjaye, amsa ta gangaro wajenta.

Wannan ba ya nufin 50 ƙarya ce ko da yaushe. Da an ce direban ya yi awa 2 a kan 60, sannan awa 2 a kan 40, to ya ci kilomita 120 da 80, wato 200 cikin awa 4, amsa 50 cif. A nan ne mai jarrabawa ke ɗana tarko. Kafin ka taɓa lamba, tambayi kanka: mene ne ya zo daidai, nisa ko lokaci? In lokaci ne, haɗa ka raba biyu. In nisa ne, ƙirƙiri lambar da gudun biyu za su iya rabawa ba saura, kamar 120 ga 60 da 40, ka fitar da awowin. Mai gaggawa kuma yana da gajeriyar hanya: 60 sau 40 sau 2, wato 4,800, a raba da jimlarsu 100. Ko agogo ya ƙure maka, ka san amsar tana ƙasa da 50 kuma sama da 40, sai ka zubar da sauran zaɓin.

Yanzu gwada ƙarfinka. Hanya kilomita 60 ce, direba ya je da gudun 30. Da wane gudu zai komo don matsakaicinsa ya zama 60? Ka ce 90? Ɓarawon ya sake shigo maka. Da 90 zai komo cikin minti 40, matsakaicinsa ya tsaya a 45. Domin ya sami 60, sai ya gama kilomita 120 cikin awa 2. Awa 2 ɗin kuwa ya riga ya cinye su wajen zuwa. Ko jirgi ya hau, ba ta yiwuwa.

Ɗalibai, ku riƙe ƙa'ida ɗaya: matsakaicin gudu shi ne duka nisan da aka ci, a raba da duka lokacin da aka ɓata. Malamai kuma, don Allah kada ku tsaya a haddar ƙa'ida. Ku sa yara su zana layi uku, nisa da gudu da lokaci, su cike na kowane zango da hannunsu kafin ranar jarrabawa ta zo.